Shekarar 2003 a Sao Tome da Principe: ta ina zan kamo zaren?

Ɗan Agege:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙungiyarmu ta masu karatu da ke zama a Agege duk Lahadin ƙarshen wata ta ɗora mini gabatar da takarda a kan shekara guda a rayuwar wata ƙaramar ƙasar tsibiri. Na ɗauki Sao Tome da Principe, shekarar 2003, domin a shekarar ce sojoji suka ƙwace mulki alhali shugabansu yana Abuja. Matsalar ita ce duk abin da na karanta a kan wannan mako guda yake tsayawa, sai ka ce mutanen barci suka yi sauran watannin. Me ya faru kafin Yuli da bayanta? Mene ne ainihin maganar man fetur tsakaninsu da Najeriya? Sannan waɗanne bukukuwa da al'adu suke yi a cikin shekara? Minti arba'in aka ba ni, kuma akwai dattawa masu tambaya a wurin. Don Allah masana ku agaza.

Malamin Obalende:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka fara da Yuli. Fara da taswira, minti biyu kacal. Tsibirai biyu ne a mashigin tekun Gini, tsakaninsu kimanin kilomita 150. Faɗin ƙasar duka kimanin murabba'in kilomita dubu ɗaya ne, kuma ƙidayar 2001 ta ba su mutum 137,599, wato ba su kai rabin mutanen ƙaramar hukumar Agege ba. In tafiyar tsuntsu ce, daga Legas zuwa Sao Tome ya fi daga Legas zuwa Kano kusa. Wannan kaɗai zai sa dattawan su gyara zama.

Daga nan ka shiga Janairu, domin can rigimar ta faro. Tsarinsu ba irin namu ba ne: akwai shugaban ƙasa da jama'a ke zaɓa, akwai kuma firaminista da ke fitowa daga majalisa mai kujeru 55. Shugaban shi ne Fradique de Menezes, attajirin ɗan kasuwar koko (kokon cakulan nake nufi, ba na ƙosai ba), wanda ya hau a Satumban 2001. A zaɓen majalisa na Maris 2002 babu wanda ya yi rinjaye: jam'iyyar MLSTP ta samu 24, ƙawancen da ke bayan shugaban ya samu 23, ƙawance na uku 8. Ka ga kujera ɗaya ce tsakani, don haka kullum gwamnati a kan siraɗi take. Maria das Neves, wadda ta zama firaminista a Oktoban 2002, mace ta farko da ta riƙe muƙamin, ita ce ta huɗu da ta zauna kujerar cikin ɗan wannan lokaci na Menezes.

'Yan majalisa suka gaji da yadda shugaban ke sauke gwamnatoci, suka yi wa tsarin mulki gyaran da zai rage masa iko. Shi kuma ya ce sai an kai maganar ƙuri'ar raba gardama. Ran 21 ga Janairu 2003 ya rushe majalisar. Cikin 'yan kwanaki aka sasanta, ya janye umarnin, ya sa hannu a kan sabon tsarin mulkin, da sharaɗin cewa sassan da suka rage ikon shugaba ba za su fara aiki ba sai wa'adinsa ya ƙare a 2006. Nan mutane da yawa ke kuskure, su ce an karya ikon Menezes a 2003. A takarda ne kawai.

Sai Yuli. Asubahin Laraba 16 ga wata, kwana huɗu bayan bikin cika shekara 28 da samun 'yanci, sojoji suka kama rediyo da talabijin, babban banki, filin jirgin sama da ma'aikatu. Suka kwashe firaminista, shugaban majalisa Dionisio Dias, da ministoci, har da na albarkatun ƙasa Rafael Branco, wanda harkar mai ke hannunsa. Ba a kashe kowa ba. Menezes yana Abuja wajen taron Leon Sullivan, mai haɗa shugabannin Afirka da baƙaƙen fatar Amurka. Kwatanta wa masu saurare da Gowon, da aka kifar yana Kamfala a Yulin 1975. A cikin 2003 ɗin ma an yi wa shugaba Patasse na Afirka ta Tsakiya haka a Maris, yana kan hanyar dawowa daga Yamai.

Abin da za ka rarrabe sosai shi ne ƙungiyoyi biyu ne suka haɗa kai, kuma bukatunsu ba ɗaya ba. Na farko sojojin bariki ƙarƙashin Manjo Fernando Pereira, wanda ake kira Cobo, kukansu albashi, matsuguni da kayan aiki. Na biyu wata ƙaramar jam'iyya, FDC, ta su Arlecio Costa da Sabino dos Santos, tsofaffin mayaƙan bataliya ta 32 ta Afirka ta Kudu zamanin wariyar launin fata, wadda ake wa laƙabi da Bauna. Ba su da ko kujera ɗaya a majalisa.

Me ya sa abin bai ɗore ba? Ƙasar da bashinta ya ninka abin da take samu a shekara sau da yawa, wadda kasafinta ya dogara da tallafin waje, ba ta iya jure wata guda in an rufe mata famfo. Najeriya, Fotugal, Amurka, Tarayyar Afirka ƙarƙashin Chissano na Mozambik, duk suka ce ba su yarda ba. Masu shiga tsakani suka sauka, ministan harkokin wajen Kwango Brazabil Rodolphe Adada ke jagoranta. Ran 23 ga Yuli aka sa hannu: shugaba ya koma kujerarsa, masu juyin su samu afuwa, a kira babban taron ƙasa, a kuma yi dokar yadda za a kashe kuɗin mai. A ranar Obasanjo ya rako Menezes gida da kansa. Taron ƙasar da dokar man duk sai 2004 aka yi su, kada ka cusa su cikin shekararka.

Baban Ummi, Apapa:

Malam ya gama da siyasa, bari in ɗauki man. Abu na farko da za ka faɗa wa jama'a, ka kuma maimaita: a 2003 Sao Tome ba ta haƙo ko ganga ɗaya ba. Cinikin biri a sama aka yi ta yi, kuma shi ya hargitsa ƙasar.

Asalin maganar iyaka ce ta ruwa. Kowace ƙasa mai gaɓar teku tana da haƙƙin arzikin da ke cikin mil 200 na ruwa daga gaɓarta. Tsakanin Neja Delta da tsibirin Principe babu mil 400, don haka da'awar biyu ta hau kan juna. Sao Tome ta ce a ja layi a tsakiya daidai. Najeriya ta ce ina, a duba tsawon gaɓar kowa, ba za a daidaita ɗan tsibiri da babbar ƙasa ba. Da aka kasa, sai aka ajiye maganar iyakar gefe, aka yi yarjejeniyar cin moriya tare. Aka sa hannu a Abuja ran 21 ga Fabrairu 2001, zamanin Obasanjo da Miguel Trovoada, shugaban Sao Tome na lokacin. Yankin ya kai murabba'in kilomita dubu 34 da 'yan kai, rabon kuwa kashi 60 na Najeriya, 40 na Sao Tome, na tsawon shekara 45. Hukumar da ke kula da shi a Abuja take zaune.

Abin da ya kunna wutar zumuɗi shi ne gano mai a rijiyar Akpo a ruwan Najeriya a 2000, dab da yankin. Kowa ya ce ai in akwai a nan, akwai a can.

Ga yadda gwanjon ke tafiya. Hukuma ta yanka yankin fuloti-fuloti. Kamfani ya sayi bayanan binciken ƙarƙashin teku, ya duba, ya rufe tayinsa a ambulan. Babban abin da ake kallo a tayin shi ne kuɗin sa hannu, wato dunƙulen kuɗin da kamfani zai biya da zarar an ƙulla kwangila, ko ya samu mai ko bai samu ba. A Afrilun 2003 aka fitar da fuloti tara, a Oktoba aka buɗe ambulan a birnin Sao Tome. Tayi mafi tsoka shi ne na ChevronTexaco a kan fuloti na ɗaya, dala miliyan 123. Yi lissafin a allo gaban jama'a: kashi 40 na 123 shi ne miliyan 49.2. A wurinmu wannan ba ya gina gadar sama guda mai kyau, amma a wurinsu babban kaso ne na abin da ƙasar gaba ɗaya ke samarwa a shekara. To soja mai ƙorafin albashi ya ji ana ambaton irin wannan kuɗi a rediyo tun Afrilu, me kake tsammani?

Inda abin ya cije wuri uku ne. Tayi ba kuɗi ba ne. Kamfanoni da dama da suka rubuta manyan lambobi ba su da ƙarfin biya ko na haƙa a ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,500, shi ya sa a wannan zagaye fuloti na ɗaya kaɗai aka bayar, biyar daga cikin sauran aka sake gwanjonsu a ƙarshen 2004. Na biyu, tun 1997 Sao Tome ta riga ta ƙulla kwangila da wani ƙaramin kamfani, ERHC, wanda daga baya ya koma hannun ɗan kasuwar Najeriya Emeka Offor, kuma ko bayan an sake zama a kan kwangilar a 2003 kamfanin ya riƙe haƙƙin ɗaukar kaso a fuloti da dama, wasu ba tare da biyan kuɗin sa hannu ba. Duk kason da aka ɗauka kyauta ragi ne a aljihun gwamnati. Na uku, lokaci. Kwangilar fuloti na ɗaya sai Fabrairun 2005 aka sa mata hannu: Chevron kashi 51, ExxonMobil 40, sai kashi 9 na wani haɗin gwiwa da Ɗangote ke ciki. Aka haƙa rijiyar Obo-1 a 2006, aka ga alamar mai, amma bai kai na kasuwa ba.

Don haka in wani dattijo ya ce maka Obasanjo ya rako Menezes ne saboda mai, kada ka musa, kada kuma ka ce shi ke nan. Gwanjon Oktoba ba zai yiwu da gwamnatin soja da duniya ta ƙi ba, wannan gaskiya ne. Amma Obasanjon da bai cika wata biyu da rantsuwar zango na biyu ba, ba zai so a ce an kifar da baƙonsa yana cin tuwonsa ba.

Hajiyar Idi-Araba:

Sannunku da ƙoƙari Malam da Baban Ummi, amma in yaron nan ya bi ku kaɗai, zai tashi taro ba a san ko mutanen suna rawa ba. Ɗana, ware minti goma sha biyar ga wannan ɓangare, ka bi kalandar.

3 ga Fabrairu ita ce ranar shahidai, kuma a 2003 aka cika shekara 50 cif da kisan kiyashin ƙauyen Batepa. A 1953 gwamnan Fotugal Carlos Gorgulho ya so tilasta wa 'yan ƙasa, waɗanda ake kira Forro, aikin ƙwadago a manyan gonakin koko. Su kuwa jikokin 'yantattun bayi ne, suna ganin aikin gandu ƙasƙanci, shi ya sa Turawa ke kwaso 'yan kwantiragi daga Angola, Mozambik da Kef Bade. Da suka ƙi, aka ce tawaye suke shiryawa, aka far musu a yankin Trindade, aka kai wasu aikin bauta a gaɓar Fernao Dias, inda da yawa suka mutu. Adadin ana gardama a kansa: 'yan ƙasar kan ce 1,032, masana tarihi da dama kan ce ɗaruruwa. Ka faɗi duka biyun. Duk shekara a Fernao Dias ake taron tunawa.

Sai ka lura da yanayi, domin shi ke tsara bukukuwa. Raninsu, da suke kira gravana, daga Yuni zuwa Satumba yake, daidai lokacin da mu nan Legas ruwa ke cinye mana tituna. A wannan rani ake yawan yin tchiloli, wanda a ganina shi ne abin da ya fi cancanta ka tsaya a kai. Wasan kwaikwayo ne na fili, yakan ci awa biyar zuwa shida. Labarin daga Turai ya zo, rubutun ana danganta shi ga wani makahon mawaƙi na tsibirin Madeira, Baltasar Dias, na ƙarni na 16: ɗan Shalaman, wani tsohon sarkin Turai, ya kashe abokinsa a wajen farauta don yana son matarsa, dangin mamacin suka kawo ƙara gaban sarki, sarki ya rasa yadda zai yi, ɗansa ko adalci. A ƙarshe ɗan ake yanke wa hukunci.

Yadda ake shirya filin: a gefe guda rumfa mai tsayi, fadar sarki ke nan, a ɗaya gefen bukkar ganyen kwakwa ta dangin mamaci, sanye da baƙaƙen kaya, a tsakiya ɗan ƙaramin akwatin gawa a kan kujera. Maza ne ke yin kowane matsayi, har na sarauniya da na bazawara. Suna rufe fuska da abin rufe fuska na ragar waya da aka shafa wa farin fenti, da safar hannu, da ƙananan madubai a jikin hula da riga. Kiɗan sarewar gora ne da ganguna da caki, kuma ba mai shiga fili da tafiya, sai da taku na rawa. Abin da zai ba masu sauraronka dariya shi ne ƙarin da 'yan ƙasar suka yi wa labarin: lauyoyi da jakunkuna, ministan shari'a, keken rubutu, wayar tarho, duk a fadar sarkin da ya mutu shekara dubu da ɗari biyu da suka wuce. Ka tuna a ranin da ake wasan hukunta ɗan sarki, a ranin aka yi wa masu juyin mulki afuwa cikin mako guda. Ban ce ka ja wata fassara ba, ka dai ajiye su kusa da juna.

A tsakiyar Agusta kuma hankali kan koma Principe, garin Santo Antonio, wajen Auto de Floripes na bikin San Lorenso. Garin duka ne ke zama dandali tun safe har dare: rundunar Kirista da shuɗi da fari, rundunar Mur da ja, ana artabu da takubban wasa. Ka gaya wa jama'a tun da wuri cewa Mur ɗin nan Musulmi ake nufi, kuma su ake cinyewa a wasan, domin gadon yaƙe-yaƙen Fotugal ne. Gara su ji daga bakinka da bayani.

Sauran ranakun ka wuce su da sauri: 12 ga Yuli 'yanci, 6 ga Satumba ranar sojoji, 30 ga Satumba ranar da gwamnati ta karɓe gonakin Turawa a 1975, 21 ga Disamba ranar Sao Tome. Taken ƙasar kuwa mace ce ta rubuta shi, Alda do Espirito Santo, kuma tana raye a 2003. Abincin biki calulu: busasshen kifi ko kaza, manja, kuɓewa, gauta da ganyaye iri-iri, a bar shi a wuta awanni, a ci da tuwon ayaba.

Mai Rediyo, Mile 12:

Ƙari biyu da za su kawo ƙasar kusa da mu. Duk wanda ya kama Sashen Hausa na Muryar Amurka a gajeren zango a shekarun can, sau da yawa daga Sao Tome muryar ke zuwa masa, domin a lokacin akwai tashar tura shirye-shiryensu a Pinheira, kudu da babban birnin. Na biyu, lokacin yaƙin basasarmu, daga filin jirgin Sao Tome jiragen agajin coci-coci ke tashi da dare zuwa Uli a yankin Biyafara, daga 1968 zuwa farkon 1970. Dattawanka za su san wannan.

Gyara kaɗan ga Hajiya, da girmamawa: in an ce Forro a bambance mutanen da harshen. Harshen hukuma na Fotugal ne, amma akwai Forro, Angolar, Lung'ie na Principe, da harshen 'yan Kef Bade. Uku na farkon akwai tasirin harshen Edo na Benin ɗinmu a cikinsu, domin daga can aka fara kai bayi tsibirin a ƙarshen ƙarni na 15.

Ɗan Agege:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Hajiya, na karɓi gyara, tchiloli zai samu lokacinsa. Tambaya ɗaya ta rage, Malam: bayan 23 ga Yuli gwamnatin ta faɗi ne ko ta ci gaba? Kuma in zan kawo alƙaluman kuɗi, da wane kuɗi zan faɗe su?

Malamin Obalende:

Ba ta faɗi ba. A farkon Agusta Maria das Neves ta miƙa takardar murabus, Menezes ya sake ɗora ta, aka yi wa majalisar ministoci garambawul, ta ci gaba har Satumban 2004. Masu juyin ba wanda ya kwana a kurkuku a kan wannan. Arlecio Costa ya sake shiga hannu a 2009 bisa zargin wani yunƙurin, kuma ya mutu a hannun sojoji a Nuwamban 2022 bayan harin da aka kai bariki. Wannan ka riƙe shi don amsa tambaya, kada ka sa a jikin takarda.

Kuɗi kuwa ka tsaya a kan dala. Kuɗinsu dobra ne, a 2003 dala ɗaya ta haura dobra dubu tara. Amma a 2010 an ɗaure dobra da yuro a kan 24,500, sannan a 2018 aka yanke sifili uku, dubu ta koma ɗaya. In ka ɗauko adadin dobra na 2003 ka auna shi da canjin yau, lissafin zai kauce sau dubu. Haka nan kada ka juya dala miliyan 123 zuwa nairar yau. A lokacin dala tana wajen naira 130 ne. Sannan agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, don haka in ka ga rahotanni biyu sun saɓa a kan sa'ar da sojoji suka fito, duba ko ɗaya daga Abuja aka aiko shi.